Kadangaru Biyu a Gindin Rumbu

Duk wanda ya san ni a Sabon Garin Gusau ya san ba a zama kusa da ni da ɗaurarriyar fuska. Sunana Lawali, kayan babur nake sayarwa, amma maƙwabtan shagona sun ce rabin hajata surutu ne. In na gamu da akuya biyu a hanya, kafin in iso kasuwa sun zama garke, har da makiyayi. Wannan hali ba a titi na tsince shi ba. A ɗakin kakata Inna Kulu, mahaifiyar Baba, na koye shi, can Kekun Waje ta ƙasar Bungudu, inda aka kai ni tun ranar da aka yaye ni. Ni ne ɗan fari, kuma a wajenmu ɗan fari na kaka ne. Uba ba ya kiran sunansa, ba ya sakin jiki da shi. "Kai wanga" Baba yake ce mini, har furfura ta fito mini a gemu.

Idan an kai amfanin gona gida ɗari ya shigo, da an idar da Isha'i sai mu jikoki mu cika ɗakin Inna. Ta hura wutar kara a tsakiya, hayaƙi ya yi ta sa mu hawaye, ba wanda zai motsa. Ba ta ba da tatsuniya a banza. Kowa sai an tura masa ƙoƙon gyaɗa ya ɓare mata irin baɗi. Ni in na ɓare goma, biyu ke isa ƙwarya. Tana gani, sai ta ɗaga muciya ta ce, "Ku dubi wanga miji nawa. Ko goro bai taɓa kawo mini ba, sai cinye mini iri." Mu kwashe da dariya. Sannan ta gyara zama ta ce, "Ga ta can tahe, ku matsa mata." Mu ce, "Ta iso, ga tabarma."

Wadda na fi roƙonta ta maimaita ita ce ta kadangare. Inna ta ce a zamanin da, kadangare yana magana, kuma duk dawa babu mai ba da dariya kamarsa. Wata tsohuwa za ta tafi wani gari wankan jegon ɗiyarta, sai ta bar masa amanar rumbunta na gero, tun da kullum yana manne a jikinsa. Ta ce ba ta ɗora masa korar ɓarawo ba, ta san ƙarfinsa. Abu ɗaya take so: in ya ga gara ta fara gini a gindin rumbu, ya gaya wa tsattsewa, ita za ta kai mata saƙo. Kadangare ya bugi ƙirji ya ce an gama.

Tsohuwa na juya baya, gindin rumbu ya zama dandali. Kurciya ta zo, zabuwa ta zo, har kunkuru ya ja jiki ya zo jin hira. Ana cikin haka, wata safiya kadangare ya ga siririn zaren jar ƙasa ya hau jikin rumbu. Ya ce a ransa, ɗan wannan? In na aika, hira ta watse, kuma a ce na tayar wa tsohuwa hankali a gidan surukai. Ya sa wutsiya ya goge. Tsattsewa ta zo ta tambaya ko rumbu lafiya, ya ce, "Lafiya lau. Ki ce mata geron ƙaruwa ma yake yi, jiya na ji rumbun yana nishin ƙoshi." Dandali ya ɗauki dariya. Haka aka yi ta yi kullum. Ranar da tsohuwa ta dawo ta jingina tsani, rumbu ya durƙushe, ciki ƙasa zalla. Ba ta zage shi ba, ba ta ɗauki sanda ba. Ta dai dube shi ta ce, "Rumbu lafiya?" Ya buɗe baki, kunya ta riga ta tafi da muryar. Sai ya gyaɗa kai. Shi ne har yau yake gyaɗawa.

"Na ƙulla ta ga wutsiyar ɓera," in ji Inna, "ta shige rami."

Ni abin da na ɗauka a tatsuniyar shi ne kwaikwayo. In kwanta rub da ciki in dinga ɗaga ƙirji ina gyaɗa kai, yara su yi ta birgima. Wata rana Inna ta kama kunnena ta ce, "Ka lura dai, miji. Kadangare bai ci ko ƙwara guda ba. Daɗin baki da kunya suka kayar da rumbu." Na ce to, na ci gaba da gyaɗa kaina. Inna ta rasu ina aji uku na sakandare, ban sake tuna maganar ba.

Bara tari ya kama Baba, ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Aka yi ta yawon gwaji har aka ce ciwon daji ne a huhu. Aka sa shi kan ƙarin ruwan maganin daji, wanda 'yan asibiti ke kira kimo, duk bayan mako uku. Tsakanin zuwa da zuwa yana zaune gidana, don na fi ƙauye kusa da asibiti. Ranar farko mun shiga wurin likita ni da ƙanwata Dije, wadda ke aure a Tsafe. Likita ya yi mana bayani dalla-dalla. Ya ce maganin yana yaƙar ciwon, amma yana kuma kwantar da sojojin jini, har mako guda ko biyu bayan ƙarin ruwa jikin Baba zai zama gari ba ganuwa. Ya ce a rage masu dubiya, musamman mai mura ko tari. In kuwa zafin jiki ya kai talatin da takwas, kada a ba shi maganin saukar da zafi a koma a zauna, a ɗauko shi nan take. Dije ta sayo ma'aunin zafi ta danƙa mini a hannu. Na ce wa likita ya kwantar da hankalinsa, ko sauro ne ya zo dubiya sai ya nuna mini takardar lafiya. Likita ya yi dariya. Na ji daɗi ƙwarai da na sa likita dariya.

Zuwan farko amai ne ya wahalar da shi, gemunsa ya fara zuba a kan buzun salla. Zuwa na biyu bakinsa ya fashe daga ciki, ko kunu sai da dabara. A lokacin ne labari ya gama ƙasar Bungudu, mutane suka fara zuwa mota-mota. To, ka gaya mini, mutumin da ya taso daga ƙauye a irin hanyar nan tamu ta yanzu, da addu'a a bakinsa tun daga ƙofar gida, don ya nemi ladar duba mara lafiya, da wace fuska zan tare shi a zaure in ce ya koma? Wannan ita ce hujjar da nake ba kaina. Amma akwai wata a ƙarƙashinta, kuma tun da na ɗauki alƙalami gara in faɗa. Na samu 'yan kallo. Ɗaki ya cika, ni a tsakiya, ina ba su labarin ruwan maganin Baba, cewa in ɗigo ɗaya ya faɗi ƙasa ciyawa ba ta sake fita har jikoki. Kowa ya shigo ya kama hannun Baba, ya tofa addu'a. Malam Sanda, abokinsa tun na kaciya, ya wuni a bakin gado yana jan hanci yana atishawa cikin rawani. Na gani da idona. Na ƙara wani labarin.

Ranar Laraba na kama shi zai yi alwalar la'asar, na ji hannunsa kamar dutsen guga. Na ce, "Baba, ya jikin?" Ya ce da sauƙi. Mu kuwa an san mu, mutum ko ana haƙa masa kabari, in ka tambaye shi da sauƙi zai ce. Balle uba ga ɗan fari. Ma'aunin yana kan durowa cikin kwalinsa, na san inda yake. Sai dai baƙi shida ne a ɗakin, na ji nauyin in ɗaga wa ubana riga a gabansu in cusa masa abu a hammata. Kuma ina tsoron lambar da zai nuna. Na yanke wa kaina hukunci cewa masassarar sauro ce, wa ba ta kamawa? Na je kemis na sayo maganinta da na saukar da zafi. Ya sha, ya yi gumi, jiki ya yi sanyi. Na ce madalla da ni, ashe likita ne aka ɓata a kasuwar babur.

Bayan magariba Dije ta bugo waya ta tambaya ko na auna shi. Na tsallake tambayar na ce, "Ke, Baba ai ya warke. Yau tuwo ya ci har kwano na neman ceto." Alhali cokali biyu na kunu ya sha. Ta yi dariya ta ce alhamdu lillahi. Wannan dariyar tata har yau in na tuna ta sai in ji abinci ya fita raina.

Ƙaryar tawa ce ta yi yawa har ta tona kanta. Dije ta ce ta kwana tana juya maganar: tuwo, da bakin da ya fashe? Washegari bayan azahar sai ga ta daga Tsafe ba sanarwa. Ta tarar da Baba cikin bargo biyu yana kaɗuwa. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya dube ta ya ce, "Inna, kin dawo?" Ta miƙe ta ɗauko kwalin ma'aunin, ta ga ko buɗe shi ba a yi ba. Ta auna, ta juyo mini da lambar, muka ɗauke shi sai asibiti.

A asibiti likitan nan da na sa dariya ya tambaye ni tun yaushe zafin ya fara. Ni da ake cewa ko a barci ina magana, na buɗe baki ba abin da ya fito. Ya ce, "Tun jiya?" Na gyaɗa kai. Ya ce an ba shi wani abu? Na sake gyaɗawa. Kaina na sauka na biyun ne na ji ƙamshin wutar kara a hancina, na ji yatsun Inna a kunnena.

Ƙwayar cuta ta shiga jininsa. Kwana tara ya yi a gado, da robar iska a hanci da ruwan allura a hannu, kwana ukun farko bai san wanda ke kansa ba. Aka ɗage ƙarin ruwan magani na uku sai ya yi ƙarfi. Likita ya yi mini adalci, ya ce ba wanda zai iya cewa daga atishawar wane cutar ta fito, wani lokaci ma daga jikin mutum take tasowa. Amma ya ce wunin da aka ɓata saura ƙiris ya tafi da shi. Dije ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Abin da ta ce kawai a barandar asibiti ranar da aka kwantar da shi shi ne, "Yaya, da ka ce mini ba ka auna ba, da na zo tun jiya."

Da Baba ya dawo hayyacinsa, na zauna a ƙasa gefen gadon na zayyana masa komai, ba gishiri, karo na farko a rayuwata. Ya saurara har na kai ƙarshe. Sannan ya ce, "Inna ta yi maka ta kadangare?" Na ce ta yi. Ya ce, "Ni ma ta yi mini, tun ba a haifi uwarka ba. Tun ran Talata nike jin sanyi cikin ƙashi. Ka tambaye ni, na ce da sauƙi. Kadangaru biyu ne ga rumbun nan, Lawali."

Shekara arba'in da bakwai ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Na so a ce a wani wuri na ji shi, ranar da na yi abin kirki. Na fita waje na tsaya bayan wata mota har fuskata ta bushe.

Yanzu kujerata tana zaure. Wanda ya zo dubiya in yi masa maraba, in ba shi ruwa, in kai shi bakin taga ya yi addu'arsa daga nan. Malam Sanda ya yi fushi, ya ce shi da suka sha wuƙa rana ɗaya da Baba ne yau ake nuna wa taga. An ce a Bungudu ana cewa Lawali ya zama ɗan boko, ya kulle ubansa. Maganar tana yi mini zafi, ba zan ɓoye ba. Amma na ɗanɗana kunya iri biyu, na san wadda ake kwana da ita a tashi lafiya. Ina yaro na ɗauka Inna labarin maƙaryaci take ba mu. Ashe labarin mai son a rabu da shi ana murmushi ne, wanda ya fi tsoron ɓata wa baƙo rai a kan rushewar abin da aka ba shi tsaro. Har yanzu akuya biyu garke ne a bakina, ban tuba da wannan ba. Jikin Baba ne kaɗai na cire daga cikin haja.

Makon jiya da safe na shiga da ma'auni a hannu, na ce, "Baba, ya jikin?" Ya fara buɗe baki yadda ya saba, sai ya tsaya. Ya dube ni, na dube shi. Ya ce, "Yau kam babu sauƙi." Na ce, "Na gode, Baba," na ɗauki makullin mota.