Tulun Iri a Shekarar Fari

Wa ya fi tausayi, mai buɗe hannu ko mai damƙe shi? Na tsufa, idona ya dushe, ban samu amsa ba.

Ina yarinya a Turba, kakata Iya Kulu takan hura wutar kara bayan isha, mu kewaye ta. Akwai tatsuniyar da ba ta faɗa a zaune, sai ta miƙe ta yi wasanta. 'Yan'uwa mata biyu ne, Buɗau da Damƙau, suna jayayya kan irin gero a shekarar fari, yara na kukan yunwa. Iya takan juya dama, ta rera da muryar Buɗau mai laushi:

"Ni ce sanyi, ke ce wuta,
In daka yau, yara su kwana."

Sai ta juya hagu, ta ɗaure fuska, ta zama Damƙau:

"Sanyinki kabari, wutata shuka,
Mai cinye iri ta cinye jikoki."

Dukanmu bayan Buɗau muke. Da na tambaye ta wace ce ta yi nasara, ta dungure mini kai, ta ce wannan ba ta da ƙurunƙus.

Ina gidan aure a Burkusuma fari ya same mu da gaske. Rumbu ya ƙare, awaki sunka mutu, munka koma haƙa gidan tururuwa muna neman tsaba. Maigidana, Malam Nomau, ya zuba irin gero a tulu, ya sa na rantse ba za ni daka ba, kowa ya roƙa. Rabonsa yakan tura wa yara, ya ce ya ci a waje. Ƙafafunsa sunka kumbura, ya kwanta.

Wata la'asar ya kama bakin zanena yana kuka, in dama masa kunu ko ludayi guda. Tulun na bayan ƙofa. Allah Ya sani, hannuna har ya taɓa murfin. Na janye, na ba shi baya, ina jin numfashinsa.

Irin nan munka shuka da ruwa ya sauka, yaranmu sunka rayu. Shi bai ga tsiro ba. Mutane na cewa na yi daidai, amma su ba su ji muryarsa ba. Har yau in ana yabon mai tausayi, ban san ko da ni ake ba.

Washegarin ranar da ya roƙe ni kunun nan, hankalinsa ya ɗan dawo. Ya kira ni, na durƙusa ina jiran faɗa. Ya ce:

"Hassi, kwaɓa laka ki liƙe bakin tulun nan. Za ni sake roƙonki, kuma ba ni son ki ji tausaina."