Mangwaron da Na Sa Tsoho Ya Sare

Shekarar da aka ƙara mini girma a ofis aka ba ni gida a GRA, ɗaya daga cikin waɗanda Turawa suka bari. Lokacin kuɗin mai sun fara malala a ƙasa, duk inda ka juya a Katsina ana rushe katangar ƙasa ana ɗora bulo. Ni ɗan Ƙofar Durbi ne, a gidan ƙasa na tashi, ban daɗe da haura talatin ba, kuma ina ganin babu wanda ya kai ni.

Na tarar da gidan da mai lambunsa. Tsoho ne siriri, mutumin wani ƙauye ta wajen Jibiya, yana zaune a wani ɗan ɗaki a Ƙofar Marusa, kullum da ƙafa yake zuwa bayan asuba. Bedin da ke bakin ƙofa, wanda Kanawa ke ce wa darbejiya, shi ya dasa. Gwaba da lemun tsami ma shi ne. Amma abin da ya fi ji da shi mangwaro ne guda biyar a bayan kicin, masu aure, irin waɗanda ake haɗa wa reshen iri mai kyau, da ya dasa shekara uku kafin zuwana. Tsawonsu bai wuce kafaɗata ba.

Da farko Baba nake ce masa, har nakan tsaya da yamma in kalli aikinsa. Ruwan farko na sauka zai buɗe gindin kowane itace ya zuba takin tumaki da ya ɗauko a ka daga cikin gari. Idan damina ta kankama sai ya rage rassa, ya yi dashe. Da kaka ya tara karan gero da busasshen ganye ya lulluɓe gindi don ƙasa ta riƙe laima, ya barbaɗa toka saboda gara. Da rani kuwa sai bokiti. Famfo ba kullum yake kawo ruwa ba, ranar da ya kawo sai ya cika duro biyu ya riƙa rabawa kamar magani. Ko alwala ba ya yi sai a gindin mangwaron nan, yau wannan, gobe wancan.

A shekarata ta biyu na je kwas Kaduna, na ga gidajen manya, na dawo da furanni irin na ƙasar Turai cike da bayan mota, kowanne a gwangwaninsa. Ranar Asabar abokan aikina uku suka zo ganin sabuwar motata. Muna zaune a baranda na kira tsohon, na nuna masa inda zai jera su a gaban gida, wurin da rana ke duka tun hantsi har la'asar.

Ya tsuguna, ya murza ganye ɗaya a yatsunsa, sannan ya ce, "Ranka shi daɗe, waɗanga ba su kai bazara a nan. Ƙasarmu rairayi ce, ga rana. In sai an sa su, a bari in kai su ƙarƙashin bedi."

Ɗaya daga cikin abokaina ya dube ni ya ce, "To ka ji. Ashe gidan da mai shi." Sauran suka kwashe da dariya.

Daga ranar ban ƙara ce masa Baba ba.

Da suka tafi na ce masa a inda na nuna za a dasa, kuma daga yau duk ruwan duro na furannina ne. Mangwaro ko ɗigo.

Ya ce, "Ranka shi daɗe, bana za su fara hure."

Na ce, "Ban tambaye ka ba."

Ya dasa su yadda na ce. Ba zan yi masa ƙarya ba, ya kula da su fiye da yadda na zata. Safe da yamma yana ba su ruwa. Da zafi ya fara tsananta ya samo zana ya yi musu rumfa, na dawo daga ofis na sa ya cire, na ce ta ɓata fuskar gida. A bayan kicin kuwa mangwaro suka yi fure da sanyi, suka ɗaura 'ya'ya, babu wanda ya ba su komai.

Wata rana na dawo gida da azahar ba zato, na same shi tsugune a gindin na tsakiya yana alwala. Ya wanke hannu da fuska, saura ƙafafu. Na ɗauke butar daga gabansa, na tafi da ita hanyar mota na tsiyaye sauran ruwan a kan tsakuwa, na miƙa masa. Na ce in alwala yake so ga kwata can. Ya karɓi butar da hannu biyu.

Furannin suka fara ƙonewa daga bakin ganye, ɗaya bayan ɗaya. Na ƙarshe ya bushe tun kafin a ga hadari. Mangwaron ba su mutu ba. Saiwarsu ta riga ta yi nisa, 'ya'yan suka yi ta girma har suka cika tafin hannu. Duk safiya in na leƙa ta tagar ɗakin cin abinci su nake fara gani.

Matata ce ta yi magana, ba ta san abin da za ta jawo ba. Ta ce, "Malam, ai ya faɗa maka tun farko. Ka ƙyale dattijon nan, sa'an mahaifinka ne."

Washegari na tare shi a bakin ƙofa da gatari. Na ce gareji zan gina a bayan kicin, a sare mangwaron duka. Babu wani gareji a raina, kuma ga leburori ko'ina da za su yi aikin cikin sa'a ɗaya. Shi nake so ya yi.

Ya ce, "A bari su nuna, ranka shi daɗe. Sati ukku ne. Yara su sha, sannan a sare."

Na ce, "Yau."

"To a kira wani. Ni na aurar da su."

"Wane ne mai lambu a gidan nan?"

Na sa aka fito mini da kujera, na zauna da jarida, ban tafi ofis ba. Ya fara tsinke ɗanyun 'ya'yan yana zubawa a hularsa, na ce ya bar su, ba tsinka na sa shi ba. Ya juye hular a ƙasa. Bai yi kuka ba, bai dube ni ba. Kowanne sai ya yi bisimilla kafin ya ɗaga gatari. Itatuwan ƙanana ne, sara biyar ko shida sun faɗi. A na huɗu gatarin ya kuɓuce ya same shi a bayan ƙafa. Ya zauna, ya yagi bakin rigarsa ya ɗaure, ya tashi ya ƙarasa. Matata na tsaye a ƙofar kicin, da ta ga jinin ta koma ciki.

Da ya gama ya tambaye ni inda zai kai iccen. Na ce saura kututture. Kwana biyu ya yi yana haƙa yana ɗingishi. Ƙarshen wata na sallame shi, na ce ba na bukatar mai lambu.

Bayan damina ta faɗi na bi ta Ƙofar Marusa, motoci suka cushe daidai wani bene da ake ginawa. Cikin masu ɗaukar kankare a kwano na hange shi, ƙafar a naɗe da tsumma. Shi ma ya gane motar. Ya sauke kwanon, ya zo gefen titi ya durƙusa, ya gaishe ni gaisuwa cikakkiya, ya tambayi uwargida, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Ina amsawa da kai sai shugaban leburorin ya taho yana zaginsa, ya ce in gaisuwa ya zo yi ya ajiye kwano ya kama gabansa, ga matasa na jira. Shugaban leburorin ya ga mota, ya ga rigata. Kalma ɗaya daga bakina ta isa. Hanya ta buɗe, na ja motata.

Daga baya matata ta aika a nemo ɗakinsa ba da sanina ba. Mai gidan ya ce ƙafar ta kumbura har gwiwa, 'yan garinsu sun sa shi a motar kasuwa sun tafi da shi gida. Ta faɗa mini muna cin abinci. Na ce Allah ya ba shi lafiya, na ci gaba da cin tuwona.