Barewar Sunan Jikar Cleofas

A Nacimiento, ƙauyen ƙabilar Kikafu da ke gindin duwatsun jihar Coahuila, babu wanda ya kai Cleofas Suke sanin sawun barewa. A zamanin ƙuruciyarsa dajin a buɗe yake. Mutum ya hau doki ya bi rafi har inda ƙarfinsa ya ƙare. Yanzu kuwa masu kiwon shanu sun kewaye ko'ina da shingen waya.

Tsufa ya riga ya kama shi aka haifa wa ɗansa Ramiro 'ya mace. A wurin Kikafu ba a raɗa suna sai da haƙarƙarin barewar da aka farauto, wanda ba shi da suna kuwa kakanni ba su san da zamansa ba. Ramiro ya zo daga garin Eagle Pass da haƙarƙarin barewa a leda, duk ya daskare.

"Wa ya harbe ta?" in ji Cleofas.

"A kanti na saya, Baba."

"Kantin ne ya roƙe ta gafara?"

Ofelia, matar Cleofas, ta ɗago kai daga tabarmar da take saƙa. "Tsoho, ƙyale yaro. Kai da gwiwarka ke kuka kamar tsohuwar ƙofa, ina za ka?"

Da asuba Cleofas ya ɗauki bindiga, ya rarrafa ta ƙarƙashin waya. Bai yi nisa ba sai ga barewa ƙosasshiya, da alamar roba a kunne, tana cin masara a kwami. Ya roƙe ta gafara da harshen Kikafu, yadda mahaifinsa ya koya masa. Maimakon ta zabura, sai ta tako ta shinshina aljihunsa.

Nan kansa ya ɗaure. Naman daji ne wannan, ko akuyar wani? In ya harba, farauta ya yi ko sata? Ya kore ta don ta yi gudu irin na barewa, ta dawo. Ya jefe ta da dutse, ta ɗan matsa ta tsaya tana kallonsa. A nan ya harbe ta.

Da haƙarƙarinta aka raɗa wa yarinya suna, aka yi addu'a, aka ci. Cleofas bai taɓa naman ba. Har yau in yarinyar ta gifta da gudu yakan kira sunan a hankali, ya juya wajen Ofelia.

"Kina ganin sunan nan ya kama?"

"Ba ga shi ta amsa ba?"

"Ita dai ta amsa," in ji shi.