Mahaifina Ba Ya Yabon Mai Rai

Mahaifina tela ne a Fagge, kuma a ƙofar shagonsa ake yanke hukunci a kan ƙwallon makarantu. Ba wanda ya naɗa shi alƙali. Ana saurarensa ne domin ya taɓa tsaron gida a makarantar midil tun kafin yaƙin Bama, lokacin da ake buga tamaula ba takalmi. Duk ranar Lahadi bayan la'asar dattawa za su cika bencinsa, su yi ta juya shekarun gasar makarantu kamar masu zaɓen goro: ta kafin yaƙi, ta lokacin yaƙi, da tamu ta yara. Wace ce ta fi ƙarfi? Musun nan ya girme ni.

Cikin masu zaman akwai amininsa, wani kafinta ɗan Ibo daga Sabon Gari, wanda ya buga wa makarantar mishan gaba a zamaninsu. In ya taso daga coci ya ci abinci, sai ya hau kekensa ya taho. Baba yana ce masa Masta, shi yana ce wa Baba Malam, ni kuwa Baban Sabon Gari nake ce masa.

Kowa ya san shekarar su Baba ce ta fi. Midil da mishan suka haɗu a wasan ƙarshe, kuma tsofaffi na cewa ba a sake ganin irinsa ba. Amma da wani ya ɗauko zancen, sai Baba ya ɗauke ƙafa daga keken ɗinki, Masta ya sunkuyar da kai.

"Mu? Sa'a ce kawai," in ji Baba. "Yaran shekarar da fara ta cinye gonaki su ne 'yan ƙwallo."

"Gaskiya ne, Malam," in ji Masta. Yaran shekarar farar nan kuwa ko kofin shayi ba su taɓa ci ba.

Da na shiga kwaleji na gaji Baba a raga. A shekarata ta uku muka cinye makarantun duka, na tare fenariti a wasan ƙarshe, aka ɗauko ni a kafaɗa tun daga filin Sabon Gari har bakin Fagge. Lahadin da ta biyo baya na laɓe a bayan ƙyauren shago ina jiran rabona. Wani dattijo ya ce, "Malam, yabon gwani ya zama dole, ɗanka ya tsaya."

Baba ko ɗagowa bai yi ba. "Wa? Wannan? Hannunsa rariya ne. Waɗanda suka buga da su ne ba su iya ba."

Abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Na daina zama shagon, na yanke a raina cewa tsohon nan hassada yake yi mini, tunda ba a son a ga wanda ya fi.

Wata rana ya aike ni Sabon Gari in karɓo bencin da aka ba Masta gyara. A bangon shagonsa akwai hoton ƙungiyoyin biyu na wancan wasan ƙarshe. Rana ta cinye tsakiyarsa, fuskokin sun koɗe sun yi fari fat, sai riguna tsaye ba kawuna. Fuska biyu ce kaɗai ta rage, ɗaya a wannan gefe, ɗaya a wancan: Baba da shi.

Ya ga ina kallo, sai ya ajiye zarto ya ɗora babban yatsa a kan wata riga. "Wannan har waƙa aka yi masa a gari. Rijiya ya faɗa." Ya matsar da yatsa. "Wannan an ce ƙafarsa bindiga ce. Ya kwanta lafiya, bai tashi ba. Wannan jirgin ƙasa ne ya take shi. Wannan ba mu ma san inda aka binne shi ba." Haka ya bi su, ba gaggawa.

"Duk wanda gari ya ce babu kamarsa, ɗana, ba ya daɗewa. Ni da babanka mun yi shiru, aka manta da mu."

Na ce, "To, yaran shekarar fara fa, Baba?"

"Su duk sun mutu. Baki ba ya kama na kabari."

Na yi dariya a hanya, benci a kaina. Ɗan kwaleji guda, a zo mini da zancen kambun baka! Amma daga ranar na koma zaman shago, na kasa kunne. Sai na ga gaskiya ne, Baba bai taɓa yabon mai rai ba. Wata Lahadi yana cikin ɗinki ya ambaci wani tsohon ɗan wasa da ke zaune a Kwaciri, ya ce, "Ƙafarsa ta hagu babu irinta." Can wani ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yaushe?" Da hantsin ranar aka kai shi, Baba ne kaɗai ya ji.

Da bazara ta kama, sanƙarau ya shigo unguwarmu, ya haɗa da ni. Wuyana ya ƙage, ba na iya juyawa. Aka kwantar da ni a ɗakin da ke bayan shago, katanga ɗaya ce tsakanina da bencin. Ban san kwana nawa na yi ba, na dai san Lahadi ce domin na ji ƙararrawar keken Masta. Ba na jin keken ɗinki. Sai muryar Baba ta ratso katanga, a sanyaye.

"Na ga ta kafin yaƙi, na ga ta lokacin yaƙi. Wallahi shekarar yaran nan ta fi su duka. Gola kuwa, tunda aka fara ƙwallo a Kano ba a yi kamar ɗana ba."

Maganar da na yi shekaru ina jira ke nan. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Na so in yi ihu in ce ina nan da raina, muryar ta ƙi fita. Ina ji wani daga cikin dattawan ya fara salati.

Allah bai yi ƙarar kwana ba, na warware. Ranar da na fara zama da kaina Baba ya shigo, ya tsaya a bakin ƙofa yana kallona. Ba murna na gani a fuskarsa ba, firgici ne. Maganar ta riga ta zaga Fagge: tela da bakinsa ya ce babu kamar ɗansa. Mata har leƙowa suke yi su ga golan.

Lahadi na zuwa ya sa babbar rigarsa ta sallah, ya fito da kujera har bakin titi.

"Ranar nan ruɗewa na yi," ya ce da ƙarfi, yadda masu wucewa za su ji. "Yaron nan me ya iya? Shekararmu ce ta fi kowace shekara, kuma ni na tsare ragar. Ni ne babu kamata!"

Masta ya kama hannunsa. "Malam, don Allah bari."

Bai bari ba. Mutumin da bai taɓa cika baki ba, ya zama kullum labarin kansa yake bayarwa, a shago, a kasuwa, a wurin ɗaurin aure. Gari kuwa ya karɓa. Aka manta da ni, yara suka riƙa binsa suna kiran Baba gola, shi kuma yana ɗaga musu hannu.

Damina ba ta ƙare ba muka same shi da azahar a kan keken ɗinki, ƙafarsa a kan feda, rigar wani a ƙarƙashin allura. Likita ya ce zuciya ce. Na yi karatu daidai gwargwado, na san zuciya tana tsayawa, kuma na san kowa da kwanansa.

Bayan an share makoki na buɗe shagon, dattawa suka dawo bencinsu. Masta ya jingine kekensa ya zauna a inda ya saba. Wani ya tambaya a hankali, wace shekara ce ta fi ƙarfi?

"Shekarar Malam," in ji Masta. "Ba a yi gola kamarsa ba."

Sannan ya juyo ya dube ni, idonsa ya yi ja.

"Kai kuwa, ɗana, hannunka rariya ne."