Gandiroban da Fatalwa Ta Manta

Shekara talatin tsohon gandiroba ya yi yana riƙe da makullan kurkukun nan da yanzu jemagu suka gaje. Mutane sun ce har gobe fatalwar fursunoni na kuka a ciki, tana kiran Mai Dorina, marigayi abokin aikinsa, wanda bulalarsa ke tashi da fata.

Abin da ke ƙona masa rai ke nan. Kowa ya buɗe baki sai Mai Dorina, shi kuwa ko a tatsuniya babu shi. Sai ya koma zama a bakin ƙofar, yana tara jama'a yana cika baki: "Wane Mai Dorina! Ni ne dodon gidan nan."

Ran nan wani dattijo mai ɗingishi ya tsaya, ya ƙura masa ido. "Yallaɓai! Ba kai ne kake miƙo mana ruwa ta taga ba, in an hana mu sha?" Ya rungume shi yana hawaye.

Gandiroba ya koma gida yana huci.

"Lafiya, maigida?" in ji matarsa.

"Ina lafiya! An tona min asiri a gaban mutane."