Dawar Baban Hashimu

Malam Hashimu shekarunsa hamsin da takwas, manomi ne a wani ƙauye gabas da Bici. Gonarsa ba ta kai kadada biyu ba, amma an san shi da abu guda: wata gajeriyar dawa mai nuna da wuri, da ya gada a wurin mahaifinsa. Duk kaka yakan ware dami biyu na iri. Wanda nasa ya ƙare, wurinsa yake zuwa.

Bara, ana gab da shuka, aka ga Alhaji Dallatu, babban manomin yankin, ya sayi leda goma na sabon irin masara a kasuwa. Ba wanda ya tambaye shi dalili, don tambayar babba abin da ya saya rashin kunya ne. Kafin la'asar layin masu sayen irin ya kai bakin titi. Hashimu ya ga liman a layin, shi ma ya shiga.

Da ya ce a sussuke dawar iri a yi tuwo, matarsa Ummukulthum ta ce, "Malam, a bar ko dami ɗaya mana."

"Ke kin fi Alhaji sanin noma ne?" in ji shi.

Tsiron masara da na dawa suna kama da juna. Sai da shuka ta tasa aka lura gonar Alhaji dawa ce zalla. Hashimu ya same shi a bakin gona.

"Alhaji, ina masarar?"

"Au, waccan? Ai saƙon surukina ne na Saminaka. Can ruwa yake daɗewa. A nan ina za ta kai?"

"Kana kallo muna saya, ba ka ce komai ba?"

"To, wa ya tambaye ni?"

Ruwa ya ɗauke kamar yadda ya saba, masara ta bushe da ƙwaya rabi. Hashimu ya bi gidajen da ya taɓa bai wa iri, ko ina an cinye.

Makon jiya ya hau keke har wani ƙauye kusa da Dawakin Tofa, wurin ƙanwarsa Ramlat, wadda ya taɓa bai wa kwano biyu na dawar.

Ta ce, "Yaya, ai da muka ji kai ma ka bar ta, sai muka bari."

Bai tsaya cin abinci ba. Ya naɗe buhun da ya zo da shi, ya ɗaure a bayan keke, ya kamo hanyar gida.