Sandar Duba-gari da Randunan Goggo

Goggona, ƙanwar mahaifina, maginiyar tukwane ce a Likoro. Kafin sojoji su karɓi mulki roba ta kashe mata kasuwa. Sai ta wuni a kasuwar Kudan ba wanda ya ƙwanƙwasa mata ko asusu. Ɗanta da ke Kaduna ya ce bayan damina zai ɗauke ta ta je ta huta. Ita kuwa gara kabari da ɗakin da ba yumɓu a ƙofarsa.

Ana nan sai soja suka ce kowa ya yi tsabta ko ya yi tsallen kwaɗo. Aka turo mana wani duba-gari, siriri kamar sillen kara, sandarsa ta fi shi ƙiba. Ya leƙa randa, ya ga abu ya motsa, ko inuwar hancinsa ce, sai ka ji tas! Ga tsadar zamani, bokitin roba ya koma kayan gado. Dole mata suka dawo gun Goggo.

Abin da bai sani ba, Goggo ba ta gini sai ta daka tsingaron tsohuwar tukunya ta cuɗa da yumɓu, don kada sabuwa ta tsage a wuta. Yana fita gida, tana shiga da kwando.

"Sannu da hasara, 'yar nan. Kawo ɓaraguzan in rage miki shara."

Na rantse akwai randar da mutumin nan ya fasa tun tana budurwa, ya sake fasa ta tana da jikoki.

Na ce, "Goggo, mutane na tsine masa, ke kina sa masa albarka?"

"Rufe min baki, ɗan nema. Kai ka taɓa kawo min ciniki?"

Damina ta wuce, ɗanta ya zo da mota. A makon ne kuma aka yi wa duba-gari canjin wurin aiki zuwa Makarfi. Garin ya yi ta murna, Goggo ta ƙi cin tuwo. Muka ce shi ke nan, Kaduna ta yi kira.

Da safe ta sa muka jera randuna a bayan motar, aka cusa tattaka a tsakaninsu, ta hau gaba ta gyara lulluɓi.

Ɗanta ya ce, "Inna, su wa za su sayi randa a Kaduna?"

Ta ce, "Wa ya ce maka Kaduna? Makarfi za ka kai ni, kafin ya fara aiki."